Tura odar kaya ta EDI: yadda ta kasance mana a shagon Baffa a Sabon Garin Zariya

Cikin watan nan mutum uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, na ƙarshen ma bayan an idar da sallar Juma'a ne ya riƙo hannuna muka koma gefe, wai kamfanin da yake ɗauko kaya a wurinsu sun aiko masa da takarda cewa nan gaba ba za su ƙara karɓar oda ta waya ko ta WhatsApp ba sai ta EDI, wato tura oda daga kwamfuta zuwa kwamfuta, shi kuma bai taɓa jin ko sunan ba, an dai turo masa sunayen masu haɗa abin an ce ya zaɓi ɗaya, kuma ya ji an ce mu mun ɗan jima a ciki. To shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na gani da idona, mai daɗi da mara daɗi, don wanda zai shiga ya san inda zai sa ƙafarsa. Ba zan kama sunan kamfanin da ya haɗa mana ba, haka ma wanda muke sayen kaya a wurinsu, domin akwai ƙorafi a cikin maganata kuma ba ɓata wa kowa kasuwa na zo yi ba.

Ni ke riƙe da lissafi a wurin Baffana tun da na gama karatun akanta a kwalejin Nuhu Bamalli. Baffa dila ne na kayan masarufi, madarar gari, sabulun wanki da na wanka, taliya, man girki da sauransu. Sito biyu gare mu, ɗaya a cikin Sabon Gari bayan kasuwa, ɗayan kuma wajen Kwangila wanda aka kama musamman saboda tirela ba ta iya kutsawa cikin kasuwa da rana. Masu saye a hannunmu daga Samaru suke, Tudun Wada, cikin birni, har su Giwa, Soba, Makarfi da Hunƙuyi. Wajen ƙarshen 2024 muka shiga wannan tsarin, kuma gaskiya ba don son ranmu ba, babban kamfanin da ya fi ba mu kaya daga Legas ne ya ce sai haka.

A da yadda ake yi, Baffa zai zauna da yamma ya rubuta abin da yake so a bayan wata takarda, ni in ɗauki hoto in tura wa wakilin kamfani, shi kuma wakilin in ya samu sarari ya buga a kwamfutarsu. Sai ranar da mota ta zo za ka san me aka loda maka. In kaya ba su cika ba a rubuta a bayan webil, wato takardar da ke rako kayan, direba ya sa hannu in ya ga dama, daga nan a shiga jira da kira, wata biyu wata uku ana cewa ana dubawa, wani lokaci ma a ce takardar ta ɓata a hanya. Akwai kuɗin Baffa da suka salwanta ta haka waɗanda har yau in aka tuno sai ransa ya ɓaci.

Shi EDI ɗin a taƙaice musayar takardun ciniki ne tsakanin kwamfutar wannan kamfani da ta wancan, a bisa tsari guda da kowa ya yarda da shi, ba sai wani ya sake zama ya buga da hannu ba. Mutane da yawa sun ɗauka in ka tura hoton inbois, wato takardar kuɗin kaya, ko PDF ta imel ka yi EDI kenan, a'a ba haka ba ne, wancan dole sai mutum ya buɗe ya karanta ya kwafe, kuma a wurin kwafewar nan ne 400 ke komawa 40. Da mudu na yi wa Baffa bayani ya gane. Na ce Baffa ai kun san mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba, shi ya sa mai sayen hatsi yake yawo da nasa a buhu, to a ce an taru an yanka mudu ɗaya kowa ya yarda da shi, ai gardama ta ƙare. Haka abin yake, an tsara inda ranar oda za ta zauna, inda lambar mai saye za ta zauna, inda adadi da farashi za su zauna, kuma duk kwamfutar da ta san tsarin za ta karanta daidai. Ranar da injiniyar masu haɗa mana tsarin ta buɗe min ainihin saƙon da ke tafiya, layuka ne gajeru-gajeru, kamar QTY+21:400, ta ce QTY ɗin adadi yake nufi, 21 na nufin adadin da aka yi oda, 400 kuma yawan kayan ne, in 12 ka gani a wurin 21 to adadin da aka ɗoro a mota kenan. Shi ke nan fa, ba gaisuwa ba kwana-kwana.

Baffa da farko cewa ya yi wannan abin yaran zamani ne, bana a zo da shi baɗi a watsar. Sai da na je na karanta na dawo na faɗa masa cewa tsarin da za mu yi amfani da shi, wanda ake kira EDIFACT, a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya aka yi shi kuma tun 1987 aka amince da shi a matsayin ma'aunin duniya, su kuma Amurka suna da nasu mai suna X12 da aka faro tun 1979, inda takardar oda ke da lamba 850 inbois kuma 810, kai tun a 1968 ma kamfanonin sufuri na can, masu jiragen ƙasa da na ruwa da manyan motoci, suka kafa kwamitin daidaita takardunsu. Da ya ji 1987 sai ya yi shiru, can ya ce a wannan shekarar shi yaron shago ne a hannun ubangidansa, to in dai abin ya kai haka tsufa a gwada.

Wajen haɗawa masu haɗa mana sun ce sati biyu, sai da muka ci sati biyar. Wani ɓangaren jinkirin dai namu ne, don sai da muka nemi lambar wuri, wadda suke kira GLN, mai lamba 13, ta hannun GS1, wato ƙungiyar nan da ke ba da lambobin zanen layi-layi da ake gani a bayan gwangwani da katan. Wanda bai taɓa lura ba ya duba, in lambar ta fara da 615 to a Najeriya aka yi rajistarta. Kowane sito namu ya samu tasa lambar daban, kuma wannan kaɗai ya raba mu da wata tsohuwar matsala, don a da sau nawa tirela za ta nufo Sabon Gari da tsakar rana alhali Kwangila aka ce, ta tsaya ta tare hanya jama'a na zagi, mu kuma mu ɗauki ƙananan motoci muna kwasa da kuɗinmu. Tun da muka fara ba a sake yin wannan ba ko sau ɗaya.

Su masu haɗawar iri biyu suke sayarwa. Akwai babba wanda za su ɗaure shi da manhajar lissafinka kai tsaye, oda ta fita da kanta inbois ya shigo da kansa, akwai kuma ƙarami wanda shafi ne a intanet, ka shiga ka cike gurabe su kuma su juya shi zuwa tsarin su tura. Ƙaramin muka ɗauka, don lissafinmu rabi a Excel yake rabi a babban littafin Baffa. Kuma bari in faɗi gaskiya a nan, duk wanda ya ɗauki ƙaramin kada ya sa ran aikin bugawa zai ragu masa, ni har yanzu ina bugawa, waɗanda suka huta su ne ma'aikatan kamfanin can. Abin da mu muka samu shi ne shaida, kuma shaidar nan ba ƙaramin abu ba ce.

Ga yadda take tafiya. In na tura oda, wadda a tsarin sunanta ORDERS, amsa na dawowa yawanci a ranar, ta nuna abin da aka karɓa da abin da aka rage da wanda babu shi a ƙasa. Ranar da aka loda mota sai takardar sanarwar lodi ta shigo, DESADV, da lambar motar da duk abin da ke cikinta layi-layi, tun motar ba ta bar Legas ba. Wannan takardar ita ce na fi so a duk tsarin. Wata Talata da damina tirela ta iso Kwangila wajen ƙarfe shida na safe, ni kuma tun kwana biyu kafin nan na buga takardar na ba Malam mai sito, dattijo ne da ya fi shekara ashirin tare da Baffa, ya tsaya a bakin ƙofa da biro maƙale a kunne, 'yan dako na wucewa da katan a ka yana ƙirgawa yana ja wa kowane layi alama. Da aka gama sai ga sabulun wanki ya gaza da katan shida, madara kuma katan uku sun jiƙe sharkaf saboda tamfol ya yage ta baya, kwalin har yana ɓarewa a hannu. Direba ya fara rantse-rantse yana cewa Alhaji wallahi haka aka loda min. Baffa ya ce masa malam direba kwantar da hankalinka, ba rigima za mu yi da kai ba, ga shayi can je ka sha. A nan tsaye a jikin motar na buɗe kwamfuta na cike takardar karɓar kaya, RECADV, na sa abin da ya shigo lafiya, na sa wanda ya gaza da wanda ya lalace da dalili, na tura, direba ya sa hannu a webil ya kama hanyar Kano. Kafin satin ya fita takardar rage mana kuɗin ta shigo. Ba wanda ya kira wani, ba wanda ya roƙi wani. Baffa ya sa na karanta masa ita sau biyu.

To amma akwai ranar da tsarin nan ya sa mu asarar da har yanzu ina jin ta a raina, kuma ita ce babban dalilin wannan rubutun. A watan Fabrairun 2025 ne, azumi saura kwanaki, lokacin da kowa ya san madara ba ta kwana a sito. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne kowane mataki na kaya da lambarsa, gwangwani ɗaya yana da tasa mai lamba 13, katan ɗin da ke ɗauke da shi kuma yana da tasa daban mai lamba 14. Kamfanin ya fito da wani sabon girman gwangwani, su kuma masu haɗa mana da suka zo shigar da shi cikin jerin kayanmu sai suka rubuta sunan katan amma suka liƙa masa lambar gwangwani. Na yi odar katan 480, a allona katan 480 nake gani, a can kuma gwangwani 480 ya isa musu. Amsa ta dawo an karɓa, ga koren alama. Takardar lodi ta zo, 480. Komai ya yi daidai da komai, domin duk takardun a kan kuskure ɗaya suka ginu. Ranar da mota ta zo Malam mai sito ya ƙirga katan 20, don gwangwani 24 ne a katan, ya sake ƙirgawa, ya kira ni muryarsa na rawa ya ce zo ka gani an yashe motar nan a hanya. Mun fi awa ɗaya muna zargin bawan Allah direban nan da abin da bai ji ba bai gani ba, sai da na buɗe inbois na ga kuɗin da aka caje mu ɗan kaɗan ne sannan na gane inda gizo ke saƙar. Baffa da kansa ya ba direban haƙuri.

Ni ma ina da laifi, da na buɗe cikin amsar na duba jimillar kuɗi da na gano tun ranar farko, kuma tun daga lokacin ba na barin oda ta wuce sai na gwada kuɗinta da lissafina. Amma shafin nasu ma bai taimaka ba, koren alama kawai yake nuna maka a gaba, jimillar sai ka danna ka shiga ciki ka gangara ƙasa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suka ɗauki maganar. Ranar Asabar abin ya faru, su kuma Litinin zuwa Juma'a suke aiki, lambar wayarsu na ta ringin ba mai ɗauka, na tura imel aka dawo min da amsar na'ura cewa an karɓi ƙorafina ga lambarsa. Sai Laraba aka gyara. Kafin sabuwar oda ta bi layi a loda ta iso Zariya satin farko na azumi ya wuce, kwastomominmu na Giwa da Makarfi da suka saba ɗaukar katan talatin arba'in suka wuce Kano suka sayo, wasu a cikinsu sai bayan sallah suka dawo mana. Haƙuri kawai aka ba mu a imel layi biyu, ko kuɗin wata ɗaya ba a yafe mana ba.

Ita injiniyar farko kam ba ni da abin cewa a kanta sai alheri, mace ce mai haƙuri, takan kira ta bidiyo ta nuna min abu sau uku ba ta ƙosa ba. Bayan ta bar wurin sai ya zama duk kiran da ka yi sabon mutum ne, ka sake ba da labari tun daga farko. Kuma komai da Turanci ne, Turancin ma na injiniyoyi, in saƙo ya ƙi tafiya sai a jefo maka wasu haruffa da lambobi a ce ga matsalar, ba wanda zai ce maka kwanan wata ka rubuta ba daidai ba ko ka bar gurbin lambar sito. Ni da na yi boko ina shan wuya, to ina ga ɗan kasuwar da shi kaɗai ne da yaransa. In da gaske suna son kasuwar Arewa ya kamata a ce akwai ko mutum ɗaya mai jin Hausa a kan waya, kuma a buɗe ranar Asabar, don mu nan Asabar ranar ciniki ce, motoci ma har Lahadi suna sauka.

Maganar kuɗi kuma a buɗe kunne sosai kafin a sa hannu. Akwai kuɗin haɗawa na farko, akwai na wata-wata, sannan akwai iyakar takardun da aka yarje maka a wata, in ka haura a caje ka kan kowace ɗaya. Mu da muka ji adadin sai muka ga ai ba ma yin oda haka da yawa, ashe oda ɗaya tana haifar da takarda biyar ko shida, ita kanta, amsarta, ta lodi, ta karɓa, inbois, wani lokaci da ta ragin kuɗi, kuma duka ƙirgawa suke. A wata na biyu muka haura. Haka kuma duk sabon kamfanin da za a ɗaura ka da shi sai ka sake biyan kuɗin daidaitawa, don ko da yake ma'aunin ɗaya ne kowane kamfani yana da guraben da ya ce dole a cike masa da waɗanda bai damu da su ba. Sun kuma yi mana ƙari sau ɗaya suka ce dala ce.

Sai wuta da sabis. Shafin in ka ɗan jima ba ka taɓa shi ba sai ya fitar da kai kuma ba ya ajiye abin da ka fara, sau biyu ina cikin buga oda mai layi kusan sittin aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta sabis ya dawo komai ya goge. Daga baya ne na gano da kaina ashe ana iya shirya odar a Excel a ɗora ta gaba ɗaya, abin yana nan a wani lungu na shafin ba wanda ya taɓa nuna min. A waya kuwa ba ya zama daidai, sai kana ja hagu kana ja dama.

Akwai wani abu da Baffa yake yawan faɗa wanda na ga gaskiyarsa. A da in kaya suka yi wuya zai kira wakili su gaisa, a tambayi iyali, ya ce don Allah a duba shi, a ƙara masa katan ɗari a kan rabonsa saboda an daɗe ana tare. Yanzu amsa ce kawai za ta dawo an rage 300 zuwa 180, kwamfuta ba ta san shekarun da kuka yi ba. Har yanzu yana kiran, wani lokaci a gyara wani lokaci a ce daga sama ne. Ta ɓangaren masu saye a hannunmu kuwa ba abin da ya canza, mai shago a Soba saƙon murya zai turo da asuba ya ce Alhaji a sa min kaza da kaza a motar kasuwa sai na zo, kuma a sa masa, a rubuta a littafi. EDI a bakin sitonmu ya tsaya, daga nan zuwa ƙasa amana ce ke aiki, kuma ni ban ga dalilin da zai sa a matsa wa waɗannan su shiga ba.

Wani abin da ya kamata mai shiga yanzu ya tambaya shi ne batun inbois na haraji. Tun watan Agustan 2025 hukumar tattara haraji ta ƙasa ta fara tsarin inbois na intanet ga manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan 5 zuwa sama a shekara, inda kowane inbois ke samun lambar shaida da alamar QR. Wannan daban yake da wanda nake magana a kai, kada a haɗa su, mu cinikinmu bai kai can ba, amma a tambayi mai haɗawa tun yanzu ko zai iya ɗaura mutum a kai in lokaci ya yi da kuma nawa zai caja, a rubuta a cikin yarjejeniya.

Ga wanda kamfaninsa ya ce dole, ko yake sauke tirela uku huɗu a wata kuma ya gaji da bin bashin kayan da ba su cika ba, ina ganin ya shiga, kuɗin da muka dawo da su ta hanyar takardar karɓar kaya kaɗai sun fi abin da muka biya. Wanda kuma motarsa ɗaya ce a wata kuma ba wanda ya tilasta masa, ya riƙe kuɗinsa tukuna. In za a shiga, kafin odar gaske ta farko a ɗauko jerin kayan da suka shigar a je sito da shi, a ɗaga katan ɗaya-ɗaya a gwada lambar da ke jikinsa da wadda ke allo, ko da zai ci yini biyu, kuma duk sabon kayan da aka ƙara a sake yin haka. Ni da Malam mai sito mun yi wannan bayan abin da ya faru, muka sake samun wasu biyu da aka juya, taliya ɗaya sabulu ɗaya, Allah ya sa ba mu riga mun yi odarsu ba.

Mun sabunta yarjejeniya da masu haɗa mana ta shekara ɗaya, bayan Baffa ya sa na rubuta musu sharaɗi cewa duk kayan da za su shigar sai sun turo mana mun duba mun amince, kuma sun yarda, sun kuma ɗaga mana iyakar takardun wata ba tare da ƙarin kuɗi ba. Jimillar kuɗi a gaban shafi da na roƙa sun ce suna kan aiki a kai. Batun Asabar kuwa har yau ba su ce komai ba, na sake tura musu a satin da ya wuce.